Dalilin hadaya a Attaura: inda Rambam da Ramban suka rabu

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya raba malaman Yahudawa biyu, Rambam da Ramban, a kan hadaya, tunda duk shekara idan karatun Asabar na Yahudawa ya kai Littafin Firistoci, littafi na uku a Attaura, sai an ambace su. Ka fara kiyaye harafin ƙarshe, nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Rambam shi ne Musa bin Maimun, haifaffen Kurɗuba, ya rasu a Masar a 1204. Ramban kuwa Musa bin Nahman ne, an haife shi a Girona, a Sifen ta yau, a 1194.

An kasa Attaura kashi 54 domin karatun mako-mako. Kashin farko na Littafin Firistoci, mai suna Vayikra, ya jero hadayu biyar: ta ƙonawa, ta gari, ta salama, ta zunubi da ta laifi. Malaman biyu sun yarda umarnin Allah ne. Saɓaninsu a kan hikimar umarnin yake.

Rambam ya yi bayaninsa da Larabci a littafinsa Dalalatul Ha'irin, kashi na 3, babi na 32 da na 46. A ganinsa, Bani Isra'ila sun taso cikin duniyar da ba a san wata ibada ba sai yanka ga gumaka, kuma ba a raba mutum da abin da ya saba dare ɗaya. Sai Allah ya bar yankan, ya juyar da shi zuwa gare Shi, ya kuma taƙaita shi: wuri ɗaya, ta hannun firistoci (masu hidimar bagade) kaɗai, alhali addu'a ko'ina ana yinta. Har zaɓen dabbobin ya ba shi dalili. Misirawa na girmama rago, Sabi'awa na bauta wa aljanu masu siffar awaki, mutanen Indiya ba sa yanka shanu, don haka aka ce a yanka waɗannan ukun. Haka hana yisti da zuma a kan bagade da wajabta gishiri, duk saɓa wa al'adar masu gumaka ne.

Ramban ya ƙi wannan da kakkausar murya, a sharhinsa na aya ta 9 a sura ta 1 ta Littafin Firistoci, inda aka kira hadaya ƙanshi mai daɗi ga Ubangiji. Hujjarsa mai ƙarfi ce: Habila ya yi hadaya, Nuhu ma ya yi da fitowarsa daga jirgi, lokacin babu Bamisire ko ɗaya a doron ƙasa. To gumakan wa ake yaƙa? Sai ya bi matakan yankan ɗaya bayan ɗaya. Mutum kan yi zunubi da tunani da magana da aiki. Ɗora hannu a kan dabbar yana madadin aiki, furta laifi madadin magana, ƙona kayan ciki da ƙoda madadin tunani da sha'awa. Idan aka yayyafa jini a bagade, mai hadaya ya san jininsa ne ya cancanci zuba, rahama ce ta sa aka karɓi fansa. Ya kuma nuna akwai ma'ana ta ɓoye a kalmar korban, wato hadaya da Ibrananci, wadda tushenta kusanci ne, 'yar'uwar ƙurban ta Larabci da ta zo a ƙissar 'ya'yan Adamu biyu.

Kowane bayani na da inda yake ɗingishi. Na Ramban ya zauna daram a kan hadayar zunubi da ta laifi, amma ta gari ba ta da jini, ta salama kuma sau da yawa godiya ce, mai ita ma yana cin namanta. Na Rambam ya fi warware ƙananan dokoki irin na gishiri da zuma, sai dai Habila da Nuhu sun tsaya masa, shi ya sa malamai irin su Ritba, wani malamin Yahudawa na Sifen, suka tashi kare shi daga baya.

Kuskure mafi girma shi ne a ce Rambam ya ɗauki hadaya abin da zamaninsa ya wuce. An rushe Haikalin Urushalima tun shekara ta 70 miladiyya, amma a kundin dokokinsa, Mishne Tora, ya ware littattafai biyu cikin 14 ga hidimar Haikali da hadayu, ya kuma rubuta cewa za a dawo da su a zamanin Almasihu. Idan za ka karanta, ɗauki babi na 32 na Dalalatul Ha'irin da farko, sannan sharhin Ramban, ka koma babi na 46 da sura ta 2 ta Littafin Firistoci a buɗe gabanka.