Sharhi: yadda Asterisk ya ɗauki IPv4 da IPv6 tare a wayoyin ofishinmu

Wayoyin ofishinmu a kan manhajar Asterisk, mai haɗa kiran waya ta intanet, suke tafiya, kuma ni ne mai kula da su. Da IPv4, tsohon tsarin adireshin intanet, kaɗai muka fara, daga baya na kunna IPv6, sabon tsarin, a gefensa, yanzu dukkansu biyun suna aiki a lokaci guda. Manhajar ta yi abin da nake nema, kuma ba zan koma tsohon tsarin ba. Sai dai duk wanda ya ce maka maɓalli ɗaya ake dannawa a gama, bai taɓa yin aikin da hannunsa ba.

Ma'aikatan da ke aiki daga gida ne suka sa na shiga wannan hidima. Koke-kokensu iri biyu ne kullum: ko dai a kira su wayar ta ƙi yin ƙara, ko kuma su ɗauka su riƙa jin mai kiran shi kuwa ba ya jin su. Tushen matsalar tsoho ne. Adireshin IPv4 bit 32 ne, wato adireshi kusan biliyan 4.3 a duniya baki ɗaya, kuma hukumar IANA ta raba na ƙarshe da ke hannunta tun watan Fabrairun 2011. Abin da kamfanonin intanet da yawa suka koma yi shi ne cusa kwastomomi masu yawa a bayan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT. Ga kuma NAT ɗin da rautar gida take yi, wato fassara adireshin cikin gida zuwa adireshi ɗaya na waje. Buɗe shafi bai damu da wannan ba, amma kiran waya ya damu ƙwarai, saboda ƙa'idar SIP ta kiran waya ta intanet, wadda aka daidaita a 2002, takan rubuta adireshin wayar a cikin saƙon kansa. Waya ta ce "a turo mini murya a 192.168.1.20", alhali wannan adireshi ba ya nufin komai da zarar an fita daga gidan.

Ya kamata mai karatu ya riƙe abu ɗaya, domin duk sauran bayanin a kansa ya tsaya: kira ɗaya hanya biyu yake bi. SIP shi ke ƙwanƙwasa ƙofa, ya sa waya ta yi ƙara, ya kuma rufe kiran, yawanci ta ƙofa mai lamba 5060, ko 5061 idan an lulluɓe shi da TLS, tsarin da ke ɓoye saƙo. Muryar kanta ta RTP take bi, ta wasu ƙofofin daban, waɗanda a saitin Asterisk na yau da kullum suka kama daga 10000 zuwa 20000. A cikin saƙon SIP akwai wani sashe da ake kira SDP, a nan ne kowane ɓangare yake faɗin inda za a aiko masa da murya, a layi ɗaya da ke cewa IN IP4 ko IN IP6. Idan ka iya karanta wannan layin, rabin matsalolin da za su same ka ka riga ka gano su.

Saitin cikin Asterisk shi ne ya fi komai sauƙi, kuma a nan manhajar ta burge ni. Tun sigar 1.8 ta 2010 ta san IPv6, amma a kan PJSIP, sashenta mai kula da SIP, na yi aikina, wanda ya shigo da siga ta 12, kuma shi ne ya rage bayan an cire tsohon chan_sip a siga ta 21. A fayil ɗin pjsip.conf na bar hanyar IPv4 da ke saurare a 0.0.0.0 yadda take, na ƙara ta biyu ta IPv6 mai saurare a ::, shi ke nan. Ban ɗaure kowace waya ga hanya ɗaya ba, na bar manhajar ta zaɓa gwargwadon adireshin da wayar ta yi rajista da shi. Layukan external_media_address da local_net, waɗanda muke lallaɓa NAT da su, sun zauna a ɓangaren IPv4 kawai. Ɓangaren IPv6 bai buƙace su ba, kuma ganin wannan sashe gajere babu faci ya yi mini daɗi sosai. Abin lura guda: canjin da ya shafi waɗannan hanyoyi yana son a sake tayar da manhajar, don haka a yi shi bayan an tashi aiki. Umarnin pjsip show transports zai nuna maka ko dukkansu sun tashi.

Saitin da na ɗauka a matsayin zuciyar aikin shi ne direct_media=no. IPv4 da IPv6 ba sa jin yaren juna ko kaɗan. Wayar da ke kan IPv6 ba za ta iya aika murya kai tsaye ga wadda IPv4 kaɗai ta sani ba. Idan aka bar Asterisk ya haɗa su ya janye, wayar za ta yi ƙara, a ɗauka, sai shiru. Idan kuwa aka ce masa ya tsaya a tsakiya, sai ya zama tafinta: ya karɓi murya daga wannan ta IPv6, ya miƙa wa wancan ta IPv4. Tunda dama yadda aka gina shi ke nan, kowane kira ƙafa biyu ne a wurinsa, kowace ƙafa da nata adireshin, wannan aiki bai ba shi wahala ba. Kuɗin da ake biya shi ne duk muryar ofis ta ratsa sabar, har kiran teburi zuwa teburi. A ofis mai matsakaicin girma ban ga nauyin ya dame shi ba, kuma dama mai naɗar kira ko mai sauraron ingancin aiki ta nan muryarsa take bi.

Daga nan ne aikin ya fara cin lokaci, kuma babu ko ɗaya daga ciki da yake laifin manhajar.

Sunan sabar a DNS, tsarin da ke juya suna zuwa adireshi, ya samu bayani biyu, A don IPv4 da AAAA don IPv6. Shawarata ita ce AAAA ya zama abu na ƙarshe da za ka saka, bayan ka tabbatar komai na aiki. Dalili kuwa, burauzar intanet tana da wata dabara da aka rubuta tun 2012: ta gwada hanyoyin biyu kusan tare, wadda ta fara amsawa ita za ta bi, mai amfani bai ma san an yi ba. Wayoyin SIP da yawa ba su da wannan. Waya ta ga AAAA, ta aika saƙo ta IPv6, idan hanyar a karye take sai ta yi ta maimaitawa har daƙiƙa 32 su cika, wanda shi ne wa'adin da ƙa'idar SIP ta ɗiba, sannan ta waiwayi IPv4. Babu mai kiran da zai jira rabin minti yana sauraron shiru. Wannan lamba ta 32 tana da amfani a wani wurin ma: idan kira yana katsewa daidai wannan lokaci bayan an ɗauka, kusan kullum saƙon tabbatarwa na ACK ne bai iso ba, saboda an aika shi adireshin da ba a iya kaiwa. Don in rage haɗarin, na buɗe suna na biyu mai AAAA kaɗai, na gwada wayoyi a kansa ɗaya bayan ɗaya kafin in taɓa babban sunan.

Katangar tsaro ita ce abin da ya fi tsaya mini a rai, kuma ina roƙon duk wanda zai bi wannan hanya kada ya yi mata riƙon sakainar kashi. Dokokin katanga da ka rubuta a manhajar iptables ba su shafi IPv6 ba ko da layi ɗaya. Nasa a ip6tables suke. Za ka iya kulle IPv4 tsaf, IPv6 kuwa yana buɗe har ga masu neman sabar waya don su yi kiran ƙasashen waje da kuɗin kamfani. Na koma nftables saboda teburinsa na inet yana ɗaukar iyalan biyu a wuri ɗaya, ba sai na riƙa tuna gyara biyu ba. Haka jerin adireshin da aka yarda da su a cikin Asterisk, da fail2ban mai toshe masu yawan gwada kalmar sirri, wanda sai daga siga 0.10 ya fara fahimtar IPv6. Ko a nan ma toshe adireshi ɗaya ba ya hana mugu komai, tunda zango guda da ake kira /64 ake ba shi, mai adireshi fiye da tiriliyan miliyan 18. Zangon gaba ɗaya ake toshewa. Sannan kowace wayar teburi yanzu tana da adireshin da duniya za ta iya kaiwa, tare da shafin saitinta. A da NAT ne yake ɓoye ta ba da niyya ba. Yanzu sai ka hana shigowa da hannunka.

Amma kada tsoro ya sa a toshe ICMPv6 baki ɗaya, kamar yadda wasu suka saba yi wa ICMP a IPv4. Da shi na'urori suke gano maƙwabtansu, da shi rauta take shelanta kanta, da shi kuma ake sanar da mai aikawa cewa fakitinsa ya yi girma. A IPv6 rauta ba ta yanka fakiti a hanya, mai aikawa kaɗai ke yi. Adireshin IPv6 dogo ne, kuma yana maimaituwa sau da yawa a cikin saƙon SIP, sai saƙon ya kumbura. Ƙa'idar da kanta ta ce idan ya wuce bayit 1300 kuma ba a san faɗin hanyar ba, a koma TCP, tsarin aikawa mai rarraba dogon saƙo da kansa. Na mai da wayoyin da ke wajen ofis kan TLS, wanda a kan TCP yake, matsalar girman ta kau, sirri kuma ya ƙaru.

Wayoyin teburi ne suka ɓata mini rai. Sababbinmu suna da zaɓin IPv4 da IPv6 tare, sun ɗauki adireshi daga shelar rauta ba gardama. Wasu tsofaffin kuwa, na wani kamfani da ba zan kira suna ba, an rubuta a takardarsu cewa suna goyon bayan IPv6, ashe nufinsu ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya. Wata ma ta yi rajista ta IPv6 lafiya lau, amma a SDP sai ta rubuta adireshinta na IPv4. Da sngrep na gan ta, kuma wannan ƙaramar manhaja ta cancanci yabo, domin tana jera saƙonnin kira ɗaya a gabanka kamar zance. Na bar waɗannan wayoyin a IPv4, tunda a cikin ofis babu NAT tsakaninsu da sabar, babu abin da suka rasa. Saitin da wayoyi ke ɗaukowa da kansu idan an jona su ma a IPv4 na bar shi, ta zaɓi na 66 na DHCP, tsarin da ke raba wa na'urori adireshi, wanda galibin wayoyi suka sani. Amfanin tafiya da adireshi biyu ke nan: ba dole ne kowa ya ƙaura rana ɗaya ba.

Kamfanin da ke haɗa mu da layukan waje har yanzu IPv4 kawai yake bayarwa. Na tambaya, amsar ita ce suna kan shiri. Ban ji daɗi ba, amma bai tsayar da komai ba, Asterisk yana magana da su ta IPv4 yana magana da ma'aikata ta IPv6 a kira ɗaya. Abin da na nace a kansa shi ne wurin kamfanin intanet: su ba mu zangon adireshi tsayayye wanda ba ya canzawa idan rauta ta sake tashi. Idan zangon ya canza, adireshin sabar ya canza, AAAA ya zama ƙarya, dokokin katanga su ma haka. In ba za su bayar ba, ni dai ba zan ɗora wayar kasuwanci a kai ba. Ita ma sabar da hannu na rubuta mata adireshi, na kuma kashe mata adireshin wucin gadi mai sauyawa, wanda ya dace da kwamfutar mutum amma ba da sabar da ake nema ba.

Akwai ɗan ƙarin nauyi a layi. Kan fakitin IPv6 bayit 40 ne, na IPv4 kuwa 20. Da tsarin murya na G.711, ana aika fakiti 50 a daƙiƙa, kira ɗaya ya tashi daga kilobit 80 zuwa 88 a kowane ɓangare. Da G.729 kuwa daga 24 zuwa 32, wato ƙarin kashi ɗaya cikin uku. Wanda layinsa ke da faɗi ba zai ji ba.

To, me muka samu? Ma'aikatan gida waɗanda layinsu ke da IPv6 sun daina kawo ƙarar murya ta gefe ɗaya. Adireshin da wayarsu ta faɗa shi ne na gaskiya, kuma rautocin gida masu shisshigi cikin saƙon SIP da sunan gyara, abin da ake kira SIP ALG, galibi a IPv4 suke ɓarnarsu. Ban kashe qualify_frequency ba duk da haka, domin ko babu NAT, katangar gidan takan rufe hanyar da ta daɗe shiru, sai a riƙa ɗan taɓa wayar lokaci-lokaci. Ingancin muryar kanta bai canza ba, kada wani ya yaudare ka da wannan. Abin da ya canza shi ne kira yana isa, kuma idan bai isa ba ina iya ganin dalili ba tare da na bi ta fassarar adireshi hawa biyu ba. Waɗanda layinsu bai da IPv6 suna nan kan IPv4 da dabarun da muka saba, rtp_symmetric da force_rport da rewrite_contact.

Idan duk wayoyinka a gini ɗaya suke, kuma layin wajenka IPv4 ne, babu gaggawa, riba kaɗan za ka gani kuma aikin tsaro zai ninka. Idan kuwa kana da mutane a gidaje ko a rassa, kuma kamfanin intanet ɗinka zai ba ka zango tsayayye, ina ba ka shawarar ka yi. Ka fara da katanga, ka bi da hanyar :: a Asterisk, ka gwada kira ta fuska huɗu, wato IPv4 zuwa IPv4, IPv6 zuwa IPv6, da gaurayen biyun ta kowane gefe, kowanne ka bar shi ya wuce minti ɗaya, ka sa shi a jira, ka tura shi wani layi, sannan ka saka AAAA.