GIFSHIP ko Inshorar Kamfani Mai Zaman Kansa?

'Yan kasuwa da masu sana'ar hannu suna yawan tambaya ko su shiga shirin GIFSHIP (inshorar lafiya ta ƙungiyoyi, ɗaiɗaikun mutane da iyalai) na hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, ko su sayi inshorar lafiya ta kamfani, musamman tun da dokar 2022 ta wajabta yin inshorar lafiya a Najeriya. GIFSHIP ya fi araha, sai dai majiyyaci yakan biya kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani, ga kuma dogon layi a asibiti. Kamfani ya fi tsada kuma ya fi sauri, amma yakan ƙayyade abin da zai biya a shekara, kuma a ganina haɗarin yana nan idan tiyata ta taso. Tela mai iyali GIFSHIP ya dace da shi, mai shago da ciniki ya zauna masa kuwa kamfani zai fi masa.