Rediyon motata da ramin da yatsa ke shiga

Ƙanena, ya aiki, ya ƙoƙari? Ka ce in duba maka yadda masu sa kayan sauti a mota suke yi a nan Amurka. To na duba, kuma a kan motata aka yi karatun.

Da farko wani katafaren kantin kayan lantarki na kai ta, irin masu gareji a bayansu. Kayansu ba laifi, su Pioneer da Kenwood da Alpine ne da ka sani. Cikin awa biyu suka liƙa min rediyo mai allo. Yana aiki kam, amma an bar rami a gefe har yatsa na shiga, launin robar daban da na dashbod, maɓallan sitiyari kuma suka mutu murus.

Sai wani abokin aiki ya kai ni wurin masu ƙera abin da hannu. Wallahi da na shiga na ɗauka shagon kafinta ne: injin yankan katako, samfefa, gam, gwangwanayen fenti, ga firinta mai fitar da roba a kusurwa. Maganarsu ɗaya ce, idan sun gama, ka rantse haka motar ta fito daga kamfani.

Ga inda matsalar take. A da yawanci ramin rediyo awo ɗaya ne da Jamusawa suka fitar, wato DIN, faɗi milimita 180, tsayi 50, mai ninki biyu kuma tsayi 100. Ka zare wannan ka zura wancan, shi ke nan. Motocin yanzu sun bar wannan. Rediyo da na'urar sanyaya da kyamarar ribas da sitiyari duk hira suke da juna ta layin CAN, wanda kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986. Ka cire rediyon da ka, ka katse musu hira. Shi ya sa suke sa wani ɗan akwati mai fassara tsakani, irin iDatalink Maestro, maɓallan su dawo da rai. Kyamarar ma ba ta wasa ba ce, tun Mayun 2018 doka ta wajabta ta a kan sababbin motoci a ƙasar nan.

Kamfanoni irin Metra da Scosche suna sayar da firam, wato robar da ke zagaye rediyo ta cike ramin dashbod, da aka riga aka zuba wa motocin da suka yi yawa a titi. Tawa ba ta ciki, don haka ƙera shi aka yi. Mutumin ya ɗauki awon ramin, ya yanko robar ABS, ya cike gefe, ya goge, ya sake cikewa, ya sake gogewa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne fenti. Sau uku yana fesawa yana fitowa da shi rana, ya kara da dashbod, ya girgiza kai ya koma. Ni tun na farko ban ga bambanci ba. Shi ƙananan tsagogin jikin robar yake nema su dace, ba launi kaɗai ba.

Babbar lasifikar bes kuwa ba su yarda a dasa akwati a tsakiyar but ya cinye wurin kaya ba. Kusurwar da ke bayan tayar baya suka lulluɓe da salatif, suka shafa zaren gilas da ruwan gam hawa-hawa har ya daskare da siffar wurin, sannan suka rufe da kafet irin na motar. A ƙofofi suka manna faifan robar hana karkarwa, suka yanka zobban da lasifika mai inci 6.5 za ta zauna daram a bayan murfin asali.

Kai da aikinka wayar lantarki ce, ga naka: ko ɗaya ba su yanke ba. Soket suke sawa tsakani, su naɗe da tef na ƙyalle, su kwantar da ita ta hanyar da ta kamfani ta bi, ga fis kusa da batir. Ranar da za ka sayar da motar sai a zare komai. Akwai dokar garanti ta 1975 da ta hana kamfani soke garanti don kawai ka sa kayan waje, sai in kayan ne suka jawo ɓarnar, amma wayar da aka yanke aka murɗe da hannu hujja ce ka miƙa musu.

Kwana huɗu motar ta yi, ina ta fama da bas. Allon da aka sa a ƙarshe shi ne dai na kantin farko, mai CarPlay da Android Auto masu haɗa wayar salula da allo, ba a canza shi ba.

Ka turo min hoton dashbod ɗin da ka ce ya gagare ka, da sunan motar da shekararta, in duba ko tana da firam a kasuwa. A gaida mutan gida.