Sashen raino na makarantun kuɗi: ya dace da ɗan shekara biyu, ga jariri sai a yi hattara

Makarantun kuɗi da yawa a Kano da Kaduna sun buɗe ɗakin raino, inda uwa ma'aikaciya za ta ajiye ɗanta da safe ta ɗauke shi da la'asar. Ga yaron da ya kai shekara biyu zuwa uku, abin yana da riba. Bakinsa yana saurin buɗewa, ya koyi jiran layi da hawa fo, ƙiwa kuma ta ragu.

A ɗakin jarirai matsalar take. Ƙa'ida ita ce mai raino ɗaya ga jarirai uku, in an matsa huɗu. In ka leƙa ka ga mace ɗaya da jarirai takwas, lissafi ya riga ya ɓaci: tana ba wannan madara, wancan na kuka, na uku ya jiƙe, babu mai amsa wa kowa gwarancinsa. Alhali da wannan amsawar jariri ke koyon magana. Abin da ya fi wannan muni shi ne yawan sauya masu raino saboda ƙarancin albashi. Daga wajen wata takwas jariri yake manne wa fuskar da ya sani, in ana canza masa ita kowane zango sai barci da cin abinci su rikice.

Wani dogon bincike da aka fara a Amurka a 1991 kan yara fiye da 1,300 ya nuna raino mai inganci yana taimaka wa harshe, tsawon sa'o'i a gidan raino kuma yana ɗan ƙara rigima, amma tasirin gida ya fi duka ƙarfi.

Fentin bango da lilo ba su ne ma'auni ba. Je ba tare da sanarwa ba, wajen ƙarfe sha ɗaya. Nonon da aka tatsa kada ya wuce awa huɗu a waje, a lokacin zafi ma ƙasa da haka, don haka ka tambayi firij da abin da ake yi in an ɗauke wuta. Jariri a rigingine ake kwantar da shi. Duba ko ana wanke hannu da sabulu bayan canza famfas, domin ta nan gudawa ke zagaye ɗaki. A nemi katin rigakafin kowane yaro. Talabijin kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda da ita ga 'yan ƙasa da shekara biyu ba, amma ɗakuna da yawa da ita suke rufe bakin yara.

Mura a watannin farko na zuwa ɗakin raino ba makawa, wannan ba laifin makaranta ba ne.