Maɗaba'ar da ke buga wa lema da tsintsiya a Birnin Kebbi

Ga duk mai neman inda zai buga fasta, banar ratayawa ko rigunan kamfen a Birnin Kebbi, akwai wata ƙaramar maɗaba'a a wajen Tudun Wada da na kai wa aikin mazaɓarmu kafin zaɓen 25 ga Fabrairun 2023. Ba zan faɗi sunanta ba, domin ina da ƙorafi a kanta kamar yadda nake da yabo, amma masu harkar fasta a garin nan za su gane ta.

In fara faɗin inda na tsaya, don kada a ce na ɓoye. Ni ɗan PDP ne, a zaɓen 2023 Wazirin Adamawa Atiku Abubakar na yi a sama, Janar Aminu Bande a kujerar gwamna. Sana'ata sayar da hatsi, kuma 'yan'uwana da yawa a Kamba suke, garin da ke kan iyaka. Na ga yadda kasuwar garin ta kwanta bayan rufe iyakoki a watan Agustan 2019, na ga masu shaguna sun koma zaman kashe wando. Ban kuma manta da ɗaliban makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri da aka kwashe a watan Yunin 2021 ba. Da wannan zuciyar na shiga shagon, sai na tarar da fastocin Bola Tinubu da Kashim Shettima jibge har kusan ƙuguna, ga na Kauran Gwandu, ɗan takarar gwamna na APC a lokacin, a gefe, ga kuma 'yan ƙullin na Kwankwaso da jar hularsa. Raina ya sosu, har na yi niyyar juyawa.

Alhajin da ke da wurin ya lura. Ya ce, "Malam, shigo ka zamna. Ni takarda nika bugawa, ƙuri'ata kuwa sai ranar zaɓe, ni da Ubangijina." Daga nan muka yi ciniki.

Aikinsa yana da kyau ƙwarai. Takardar fastar na da kauri, in an shafa sitaci an manna a bango ba ta yagewa a hannu, abin da yaranmu suka sha fama da shi a fastocin da aka aiko mana daga hedikwatar jam'iyya. Hoton fuska yana fita tas, ana ganin aikin hular Waziri ɗaya bayan ɗaya. Banar da muka rataya a bakin titi ta sha iskar hunturu da ƙura, amma ba ta koɗe ba, kuma ya sa mata zobban ƙarfe a kusurwoyi don kada igiya ta tsaga ta. Rigunan ne dai ba su kai ba. Yadin sirara ne, kuma bayan wanki lemar da ke ƙirji ta fara tsattsagewa. Wanda ke son riguna ya sayo yadinsa mai kyau ya kawo a buga masa, ko ya nemi wani wuri. Hulunan hana-sallah ba laifi.

Kashin farko na fastocinmu jan da ke jikin lema ya fito kamar ruwan goro. Na nuna masa, ya ɗaga takardar a hasken ƙofa ya duba, ya kira yaron injin ya yi masa faɗa a gabana, sannan ya sake bugawa bai ƙara min ko sisi ba. Farashinsa ya ɗan ɗara na maƙwabtansa, yana kuma karɓar rabin kuɗi kafin alƙalami, amma yana rubuta rasit. A halin da canjin kuɗi ya jefa mu a farkon 2023, tsofaffin ɗari biyar da dubu sun zama abin gudu, sababbin kuma sai an kwana a layin banki, Alhaji yana karɓar taransifa ba tare da ya ɗora komai a kai ba. Ranar da kuɗin da na tura suka maƙale a hanya, ya ba ni kayana ya ce in sun shigo ya gani. Ba kowa ke yin haka a lokacin ba.

Ƙorafina shi ne layi. An yi mana alkawarin Laraba, ba mu samu ba sai bayan Juma'a, har taron matan mazaɓa ya wuce babu fasta ko ɗaya a bango. Uzurin wuta aka ba ni, da tsadar man janareto, kuma gaskiya ne ana fama da duka biyun. Amma da idona na ga babban aikin jam'iyya mai mulki, wanda ya zo bayan namu, yana fita daga inji ana loda shi a mota. Na gaya wa Alhaji cewa wannan ba daidai ba ne. Bai musa ba, ya ce mai kawo dubbai yana biya nan take, shi kuma yana da albashin yara. Na fahimci lissafinsa, amma ban yarda da shi ba. Alkawari kaya ne, kuma ƙaramin kwastoma shi zai dawo buga katin biki da kalandar Islamiyya bayan guguwar zaɓe ta lafa.

Jiran nan ne ya zaunar da ni a bencin ƙofar shagon tare da 'yan tsintsiya, kuma a nan na ji hujjarsu daga bakinsu, ba a Facebook ba. Wani dattijo manomin shinkafa daga wajen Argungu ya tuna min cewa a nan Birnin Kebbi Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a watan Nuwambar 2015, kuma haɗin gwiwar Kebbi da Legas ne ya haifar da shinkafar Lake Rice. A ganinsa rufe iyakar da ya kashe kasuwar 'yan'uwana shi ya ɗaga darajar shinkafarsa. Ya ƙara da cewa Tinubu ya taimaki ɗan Arewa ya hau mulki a 2015, yanzu lokacin ramawa ne. Na ce masa, "Baba, ramuwa tsakanin manya ce. Ni abin da nake tambaya, wa zai sa mutumin Danko-Wasagu ya je gonarsa ya dawo lafiya, kuma nawa mudun shinkafar take yau a kasuwa?" Ya ce ai Waziri ya yi mataimakin shugaban ƙasa shekara takwas, daga 1999 zuwa 2007, me ya kawo wa Kebbi? Muka yi ta yi har aka kira la'asar. Bai canja ni ba, ban canja shi ba, kuma na tashi ina ganin bayan shekara takwas ta APC ya kamata a gwada wani hannu.

Abin da ya fi ɗaga darajar wurin a idona shi ne wani aiki da Alhaji ya ƙi karɓa. Wani matashi, kuma abin takaici ɗan jam'iyyarmu, ya kawo hoton da aka haɗa a waya, an yi wa ɗan takarar APC siffar wulaƙanci da kalaman zagi a kan lafiyarsa da ƙabilarsa, yana so a buga a manna da dare. Alhaji ya mayar masa da wayarsa ya ce, "Ɗana, wanga ba ya shiga injina, ko nawa za ka biya." Yaran shagon sun ce haka ya yi wa wasu 'yan tsintsiya da suka kawo irinsa a kan Atiku. Na goyi bayansa a gaban yaron, domin a lokacin muna da abin faɗi a kan tsaro da tsadar abinci da layin banki wanda ya ishe mu kamfen ba sai mun taɓa jikin mutum ko asalinsa ba.

Wanda zai kai aiki ya je da hoton asali mai nauyi a filashi, kada ya tura ta WhatsApp don yana rage kyan hoto. Ya nemi a buga masa gwaji guda ya duba kala kafin a saki inji, a kuma rubuta ranar karɓa a jikin rasit. In aikinka ƙarami ne kuma kana da taro a makon ƙarshe kafin a rufe kamfen, ka kai da wuri sosai, don a lokacin da na je na gwamnoni da 'yan majalisar jiha ma sun fara cika teburinsa.