ProRoot MTA da Biodentine: wanne za a ɗauka wajen toshe saiwar haƙori?

Yaro ɗan shekara takwas ko tara ya faɗi, haƙorinsa na gaba ya karye, jijiyar ta mutu, ga shi bakin saiwar bai gama rufewa ba, domin saiwar haƙoran gaba na sama ba ta kammala sai wajen shekara 10. Irin wannan haƙori ba a cike shi kai tsaye da sandunan gutafaca, wato siraran sandunan roba da ake cike ramin saiwa da su, saboda babu abin da zai tare su, sai su zarce cikin ƙashi. A da, maganin kalsiyam haidroksayid ake zubawa cikin ramin saiwar, ana sabunta shi duk bayan kamar wata uku, a jira wata 6 zuwa 18 kafin jiki ya gina shinge a bakin saiwar. Iyaye da yawa kan gaji da zirga-zirga, haƙorin kuma yakan yi rauni ya karye daga wuya. Wannan wahalar ce ProRoot MTA da Biodentine, garurruka biyu da ake kwaɓawa kamar siminti a toshe saiwa da su, suka zo ragewa.

MTA aikin Mahmoud Torabinejad ne na Jami'ar Loma Linda a Amurka. An fara bayaninsa a 1993, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da shi a 1998, kamfanin Dentsply ya fito da shi da sunan ProRoot. Kusan kashi 75 cikin ɗari na garin tataccen siminti ne, kashi 20 bismut oksayid don ya fito a hoton eksire, sauran kuma jifsam. Da zarar an kwaɓa shi, ma'aunin pH ɗinsa, wanda ke hawa gwargwadon nisan abu daga tsami, kan tashi daga 10.2 zuwa 12.5 cikin awa uku. Ƙwayoyin cuta ba sa jin daɗin wannan yanayi, kalsiyam ɗin da yake fitarwa kuwa yana sa nama mai tauri ya tsiro a jikinsa. Babbar falalarsa ita ce damshi ba ya hana shi daskarewa, hasali ma da ruwa yake daskarewa, bakin saiwa kuwa ba ya rabuwa da laima.

Wahalarsa a hannu take. Ana haɗa kashi uku na gari da kashi ɗaya na ruwa mai tsafta a kan gilashi, ya fito kamar jiƙaƙƙen yashi. Ruwa ya yi yawa, ya zame daga kan kayan aiki. Ya yi kaɗan, ya marmashe kafin ya isa inda ake so. Bayan an wanke ramin saiwa da sodiyam haipokulorayit (ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta), haƙorin na killace da roba, sai a ɗauraye da ruwan gishiri sosai, a tsane da tsinken takarda. A riƙa kai MTA kaɗan-kaɗan, ana dannawa a hankali da madanni ko gindin tsinken takarda mai kauri, har toshin ya kai milimita 4 zuwa 5. A ɗauki hoto tun yana ɗanye, domin idan ya daskare babu sinadarin da ke narkar da shi, sai a bi shi da na'urar girgiza ana gutsura. Yakan ɗauki kusan awa biyu da minti 45 kafin ya kama, don haka akan ɗora jiƙaƙƙiyar auduga a kansa, a rufe da cikon wucin gadi, a kammala a zama na gaba. Idan saiwar na fitar da mugunya, kada a saka shi a ranar: tsamin wurin yana hana shi kamawa da kyau. A bar kalsiyam haidroksayid na mako ɗaya ko biyu tukuna.

Aibin da ya fi damunmu shi ne canza launi. Bismut ɗin nan, idan ya haɗu da ragowar haipokulorayit ko jini, yakan mayar da wuyan haƙori toka-toka ko baƙi-baƙi. Farin MTA da aka fito da shi a 2002 bai kawar da wannan ba. A haƙorin turmi na can baya ba wanda zai lura, amma a haƙorin gaba na yarinyar da za ta girma tana rufe baki in za ta yi dariya, ba ƙaramin lahani ba ne.

A nan Biodentine na kamfanin Septodont na Faransa ya yi zarra. Babu bismut a cikinsa, zakoniyam oksayid aka sa, shi ya sa da wuya ya ɓata launi in dai an tsayar da jini. Garin na zuwa a kafso: a ɗiga ɗigo biyar na ruwansa, a rufe, a kaɗa a injin kaɗa amalgam (cikon haƙori na ƙarfe) na daƙiƙa 30. Yana fitowa a dunƙule, yana bin hannu, kuma kalsiyam kulorayid da ke cikin ruwan na sa ya kama cikin kamar minti 12. Ga aikin yanke saman jijiya a bar ɓangarenta na ƙasa a raye, mun fi yarda da shi: a tsayar da jini da auduga mai haipokulorayit, in ya tsaya cikin kamar minti biyar a shimfiɗa milimita 2 zuwa 3, a ma iya cike ramin duka da shi a matsayin ciko na ɗan lokaci. In jinin ya ƙi tsayawa, kumburin ya yi nisa, sai a ƙara yankewa ko a cire jijiyar gaba ɗaya.

Shi ma yana da nasa aibin. Ba ya fitowa fes a hoton eksire, launinsa kusan ɗaya da na jikin haƙorin kansa, don haka tabbatar da cewa toshin ya kai bakin saiwa ba tare da giɓi ba yana da wuya. Ba ya son ruwa ya taɓa shi yana cikin kamawa. Ɗigo huɗu ko shida maimakon biyar na ɓata kwaɓin. Kafso ɗaya ya fi abin da haƙori guda ke buƙata, ragowar kuwa asara ce. Sannan sai da wuta: asibitin da ba shi da tsayayyar lantarki ko janareta zai iya tsayawa cak da mara lafiya baki buɗe, kwaɓa shi da hannu kuwa ba ya ba da ƙarfin da aka san shi da shi. Garajen ɗora farin ciko a kansa nan take ma kuskure ne, gara a ba shi kamar mako biyu ya nuna.

Hukuncinmu: inda aikin ke can ƙasa, wato toshe bakin saiwa, ɗinke hujin da aka yi bisa kuskure a gindin turmi, ko cike ƙarshen saiwa bayan tiyata, MTA ne, saboda ana ganinsa a hoto kuma yana jure laima. Inda aikin ke kusa da abin da ido ke gani, Biodentine. Wanda jiran awa uku ya dame shi yana iya duba MTA Angelus na Brazil, wanda aka cire wa jifsam, yana kamawa cikin kamar minti 15.

Tsadar kayan nan na sa wasu tunanin simintin gini zai wadatar tunda asali ɗaya ne. Ba a tace shi ba, ba a kashe ƙwayoyin cutar cikinsa ba, yana iya ɗaukar guba irin su asenik, kuma ba ya fitowa fes a hoto. Haka ma ajiye buɗaɗɗen ƙunshin ProRoot don wani mara lafiya: da damina garin na shan laimar iska ya fara kamawa tun a takarda, ranar da aka kwaɓa shi kuma ya ƙi daskarewa a cikin saiwa. Kowane aka yi amfani da shi, a sake ɗaukar hoto bayan wata shida, sannan bayan shekara, a duba ko duhun da ke ƙarshen saiwar yana raguwa.