Madubin hangen nesa mai lamba 10x50: abin da yake nunawa a saman Maraɗi

Na sayi wannan madubi mai ido biyu, wanda ake kira jumel a nan, a babbar kasuwar Maraɗi, kuma na yi wata biyar ina gwada shi a kan curin taurari. Lambar tana nufin yana kusanto da abu sau 10, faɗin gilashinsa kuma milimita 50 ne.

Da Kaza da Ƴaƴanta na fara. Ido yana ƙirga shida ko bakwai, amma ta cikin madubin sai ga gommai sun fito fes, matuƙar ƙurar hunturu ta lafa kuma mutum ya yi nesa da fitilun gari, kamar wajen hanyar Madarunfa. A watan Afrilu na juya kudu na sami Omega Centauri, curin da ke ɗauke da taurari kusan miliyan 10, ya bayyana kamar ɗan kullin auduga.

Abin da mai saye ya kamata ya sani shi ne wannan curi ba a zaune yake lafiya ba. Babban garken taurarin da ranarmu take ciki yana jan ɓangaren curin da ke kusa da tsakiyar garken fiye da ɓangaren da ke nesa, saboda haka taurarin gefe sukan kufce ta ƙofa biyu: waɗanda suka fita ta ciki su wuce gaba, na waje kuma su riƙa jan ƙafa a baya, har su zama jela biyu kamar hatsin da ke tsiyaya daga huɗajjen buhu. A 2001 aka gano irin wannan jela a jikin wani curin taurari mai suna Palomar 5, a 2019 kuma bayanan kumbon Gaia na Turai suka nuna ta Omega Centauri da ta wani curin mai suna Hyades. Ko jela ɗaya madubina bai nuna mini ba, kuma ban ga laifinsa ba, domin taurarin sun yi dishi-dishi kuma sun warwatsu ƙwarai.

Aibinsa na gaskiya nauyi ne, don hannu yakan fara rawa bayan ƴan mintoci, sai na jingina gwiwar hannu a kan katanga. Jakarsa ma ba ta hana ƙura shiga. Ga malamin makaranta da ke son ɗalibai su ga curin da idonsu kafin ya zana musu jelar a allo, kuɗin bai faɗi a banza ba.